"BABU SABIS": ƘADDARA CE KO SAKACIN MASU SAITA HANYA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da hantsi, sa'ad da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, ko kuwa ya je kara a Oko-Oba ta Agege ranar da shanu suka iso, ya san kalmomin nan biyu da suka zama ruwan dare a bakin jama'a, watau "babu sabis". An yi ciniki an daidaita, an sallama, mai saye ya ciro waya zai tura kuɗi, sai abu ya tsaya yana ta juyi. A garzaya wurin mai POS, shi ma ya ɗaga na'urarsa sama ya ce a yi haƙuri. Ga direban da ya kwana uku a hanya yana jiran kuɗin mota domin ya juya, ga mai kaya can a Kano ko Zariya ya kasa kunne ya ji shigar kuɗinsa, tumatir kuwa ba ruwansa da jiran kowa. In la'asar ta yi ba a warware ba, kwandon da aka yi wa kuɗi da safe sai dai a karyar da shi.

Mu da muka baro gida muka zo Kudu neman abin rufin asiri, wayar nan ita ce igiyar da ta ɗaure mu da iyalanmu. Da ita ake aika kuɗin cefane da na makaranta, da ita ake jin lafiyar tsofaffi, da ita kuma ake sanin farashin kaya kafin a ɗora wa mota. Amma abin mamaki shi ne, in ta yanke ba mu tambayar kowa dalili. Mun ɗauki sabis tamkar ruwan sama, in ya zo ya zo, in ya ɗauke ya ɗauke. Ni kuwa a ganina wannan haƙuri namu ya yi yawa, domin sabis haja ce da muke biya da guminmu, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wanda ya biya kuɗi ya cancanci a gaya masa abin da ya faru da kayansa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wani lokaci masu aikin hanya ne suke sare wayar da aka binne a ƙasa, wani lokaci mai ne ya ƙare wa injin da ke ba turken sadarwa wuta, wani lokaci kuma ɓarayi ne. Waɗannan duka ido yana iya ganinsu. Akwai kuwa wata matsala da ido ba ya gani, wadda ba a cika faɗa mana ita ba, watau kuskuren da ake yi wajen saita na'urorin da ke nuna wa saƙonni hanya. A kanta nake so mu yi magana yau, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi juriya, gama maganar ba ta kai wuyar da ake tsammani ba ga duk wanda ya san sha'anin tasha da fatauci.

Da farko dai intanet ba kamfani ɗaya ba ne, ba ta kuma da sarki. Tarin kamfanoni ne da jami'o'i da bankuna da hukumomi da suka haura 70,000 a duniya, kowanne da nasa wayoyi da nasa iyaka, kowanne kuma da lambarsa ta musamman. A nahiyarmu wata hukuma mai suna AFRINIC, wadda ke zaune a tsibirin Morishiyas, ita ce ke raba waɗannan lambobi da adireshi. In ka aika saƙo, ko kuɗi ne ko hoto ko murya, sai a yayyanka shi ƙanana ƙanana, a rubuta wa kowane ƙulli adireshin inda za shi. A kowace mararraba akwai wata na'ura da ake kira rauta. Aikinta shi ne ta duba adireshin da ke jikin ƙullin, ta duba kundinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba. Ba ta raka shi, ba ta kuma bin sawunsa. In abin da ke cikin kundin daidai ne, saƙo ya isa cikin ƙiftawar ido. In kuwa ƙarya ce a ciki, to, saƙo ya ɓata ke nan, ko da kuwa duk wayoyin duniya lafiyarsu lau.

To, wa ke rubuta wannan kundi? Na'urorin ne da kansu suke gaya wa juna labarin hanya, bisa wasu ƙa'idoji da injiniyoyi suke saita musu. Ƙa'idojin nan iri biyu ne, akwai na cikin gida, akwai na tsakanin maƙwabta. A cikin gidan kamfani ɗaya ana amfani da wadda ake kira OSPF ko kuwa 'yar'uwarta IS-IS. A nan kowace rauta tana da taswirar gidan gaba ɗaya, kuma an sa wa kowace hanya awo gwargwadon faɗinta. A bisa saitin da aka saba, rauta mai bin OSPF tana yi wa maƙwabciyarta sallama kowace daƙiƙa 10, in ta yi daƙiƙa 40 ba ta ji amsa ba sai ta shelanta wa sauran cewa wannan hanya ta mutu, nan da nan kowa ya sake lissafi. Daidai yake da direbobinmu, in labari ya zo cewa hanyar Jebba da Mokwa ta toshe, sai a karkata a bi ta Lokoja. An yi zagaye, amma kaya sun isa.

Ta tsakanin maƙwabta kuwa ita ce ake kira BGP, kuma a nan gizo yake saƙa. A 1989 ne wasu injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na kamfanin Cisco da Yakov Rekhter na IBM, suka zana tushenta a jikin takardun goge hannu suna zaune wurin cin abinci a wani taro a Amurka. A wancan zamani masu intanet 'yan kaɗan ne, kusan kowa ya san kowa, sabo da haka sai aka gina ta bisa amana. Duk wanda ya ce "adireshi kaza a wurina suke", sai a yarda da shi. Dattawanmu na Sabon Badun sun san irin wannan ciniki, inda ake ba mahauci shanu bashi bisa maganar dillali da mai gida kawai, ba takarda ba sa hannu. Amma a Sabo wanda ya ci amana an san fuskarsa da gidansa, gobe ba mai sake ba shi ko akuya. Intanet kuwa ta girma ta bar wannan sanayya a baya, alhali ƙa'idar tana nan da halinta na yarda da maganar kowa.

Yadda take aiki tamkar 'yan kamasho ne a tasha. Kamfani ya yi shela ga maƙwabcinsa cewa mai zuwa unguwa kaza ya biyo ta nan. Maƙwabcin ya ƙara lambarsa a jikin shelar ya miƙa gaba, na gaba ma ya yi haka, har ta game duniya cikin 'yan mintoci. Irin waɗannan shela da babbar rauta take riƙewa sun haura 900,000 tun a 2023. In shela biyu suka zo a kan wuri ɗaya, rauta takan fara duba wadda mai gidanta ya ce a fifita, wanda yawanci sha'anin kuɗi ne, sa'an nan ta duba wadda ba ta ratsa kamfanoni da yawa ba. Akwai kuma doka ɗaya da ta fi waɗannan duka ƙarfi, ita ce wanda ya fi tantance wuri shi ake bi. In wani ya kira "Kano", wani kuma ya kira "Kano, Fagge", to, duk mai zuwa Fagge motar na biyu zai shiga, ba tare da ya tambaya ko direban ya taɓa ganin Fagge ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne, hulɗar kamfanonin nan hawa hawa ce. Akwai wanda kake biya ya kai ka ko'ina a duniya. Akwai wanda yake biyanka kai ka kai shi. Akwai kuma tsaranka, wanda kuka yi yarjejeniya ku riƙa musayar saƙonnin mutanenku kai tsaye. Ladabin sana'ar shi ne, hanyar da tsaranka ya nuna maka domin amfanin gidanka ce da masu biyanka, ba a ɗaukarta a kai wa na sama. Wanda ya yi haka ya mai da kansa babbar hanyar duniya alhali shi lungu ne.

Wannan ladabi shi ne aka karya a nan Ikko ranar Litinin 12 ga Nuwamban 2018, wajen ƙarfe 10 na dare. Kamfanin MainOne, wanda Funke Opeke ta kafa, wanda kuma ya jawo wayar ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Ikko a 2010, yana musayar saƙonni da Google a mahaɗar intanet ta ƙasa. A daren nan ana cikin aikin gyara, sai aka kuskure saitin matatar da ke tace shela, hanyoyin Google sama da 200 suka zube zuwa kamfanin China Telecom na ƙasar Sin. Shi kuma ya karɓa bai tace ba, ya miƙa wa TransTelecom na Rasha, daga nan ta bazu. Sai ga mutane a Amurka da wasu ƙasashe suna neman Google, saƙonninsu suna bi ta Rasha suna faɗawa Sin suna maƙalewa. Minti 74 aka yi ana wannan hali. Da farko har wasu sun zaci leƙen asiri ne na manyan ƙasashe, amma Google ya ce bai ga alamar mugun nufi ba, MainOne kuma ya fito fili ya ce kuskurensa ne.

A nan dole a yaba wa kamfanin bisa wannan fitowa da ya yi, domin ba kowa ke iya cewa "ni ne" ba. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban kamfanin da ya karɓi shelar Google daga hannun wanda ba shi da izinin ba da ita, bai ko tsaya dubawa ba, laifinsa bai gaza na wanda ya zubar ba. Amma darasin da nake so mu ɗauka shi ne, 'yan layukan rubutu da mutum ɗaya ya buga a wani ɗaki a Ikko sun girgiza kamfanin da ya fi yawancin gwamnatoci kuɗi. In kuskure irin wannan ya iya taɓa Google har duniya ta ji, ƙaƙa wanda zai taɓa hanyar da ke tsakanin wayarka da bankinka, wanda ba jaridar da za ta buga?

Kada kuwa wani ya ce wannan halin Nijeriya ne. A watan Fabrairun 2008 gwamnatin Pakistan ta umarci a toshe YouTube a cikin ƙasarta. Kamfanin wayar ƙasar ya ƙirƙiri shelar ƙarya a kan adireshi 256 daga cikin rukunin 1,024 da YouTube yake shelantawa, da nufin ta tsaya a gida. Sai ta sulale ta fita ta hannun kamfanin PCCW na Hon Kon, kuma da yake ta fi tantance wuri, duniya duka ta bi ta. YouTube ya ɓace wa jama'a kimanin awa biyu. Na kusa da mu kuwa shi ne na ranar 4 ga Oktoban 2021, wanda da yawanmu ba su manta ba, ranar da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke tun kafin magariba har tsakar dare, kusan awa shida. Wani umarni ne aka bayar cikin aikin dubawa na yau da kullum, ya katse manyan wayoyin kamfanin na cikin gida, manhajar da ya kamata ta hana shi kuma tana da aibu. Na'urorin suka janye shelarsu, kamfanin ya ɓace daga taswirar duniya. Abin dariya abin tausayi, injiniyoyin ma ta wannan hanyar suke shiga su yi gyara, sai da aka tura mutane da ƙafa zuwa ɗakunan na'urorin.

Amma wanda ya fi dacewa mu yi nazari a kai shi ne na Kanada. Ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin Rogers yana cikin sabunta na'urorinsa sai aka goge wata matata, hanyoyi suka kwararo wa manyan rautocinsa fiye da abin da za su iya ɗauka, suka durƙushe. Mutane sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, biyan kuɗi da kati ya tsaya a shaguna, wasu ma suka kasa kiran motar asibiti. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Hukumar sadarwar ƙasar ta ba kamfanin kwana 10 ya kawo bayani a rubuce, 'yan majalisa suka kira shugabanninsa suka titsiye su, kamfanin kuma ya yafe wa masu hulɗa da shi kuɗin kwana biyar. Ba a ce da jama'a su yi haƙuri kawai a wuce ba.

To, shin akwai rigakafi? Akwai, kuma ba sabo ba ne. Na farko shi ne matata a kowace ƙofa, shiga da fita, yadda kamfani ba zai karɓi shela daga mai biyansa ba sai a kan adireshin da aka tabbatar nasa ne, ba zai kuma fitar da komai ba sai abin da aka lissafa. Tun 2017 masu tsara ƙa'idojin intanet suka rubuta cewa kada rauta ta karɓa ko ta bayar da shela ga maƙwabci sai an rubuta mata izini ƙarara. Na biyu shi ne iyaka, watau a gaya wa rauta cewa maƙwabci kaza hanyoyi 50 aka san shi da su, in ya wayi gari ya turo dubbai a rufe ƙofa tukuna a bincika. Na uku shi ne takardar shaidar mallaka mai hatimi, wadda ake kira RPKI, inda mai adireshi yake rubutawa a wurin hukuma irin AFRINIC cewa lamba kaza ce kaɗai ke da ikon shelanta su. Gaskiyar magana, wannan shaida maganin irin ɓarnar Pakistan ce, amma ba za ta hana irin ta Ikko ba, domin a can sunan Google yana nan a matsayin mai kaya, hanyar ce aka karkatar. Shi ya sa ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Tun 2014 kuma akwai wata yarjejeniya ta sa kai mai suna MANRS, inda kamfanoni suke alkawarin kiyaye irin waɗannan ladubba.

Sauran kuwa tarbiyyar aiki ce. Kada a taɓa babbar na'ura sai an gwada canjin a wani wuri dabam, sai wani ya sake karanta abin da aka rubuta, sai an ajiye tsohon saiti a kusa. Na'urorin Juniper, alal misali, suna da dabarar da in ka shigar da sabon saiti ba ka dawo ka tabbatar da shi cikin minti 10 ba, sai su koma kan tsohon da kansu. A kuma tanadi ƙofar baya, watau wata hanya ta dabam da injiniya zai shiga ko da babbar ta rufe, kada a maimaita abin da ya sami Facebook.

In kuwa ɓarna ta riga ta auku, gwanin aiki ba ya kame kame. Tambayarsa ta fari ita ce, me aka taɓa a ƙarshe, wa ya taɓa, da ƙarfe nawa? Daga nan sai ya fara daga ƙasa. Ya duba ko haske yana isowa ta cikin waya. Ya aika wa rautar maƙwabci ɗan saƙon gwaji ya ga ko za ta amsa. In ta amsa amma zumuncin BGP bai ƙullu ba, ya duba ko an rubuta lambar maƙwabcin daidai, ko kalmar sirrin ɓangarorin biyu ta zo ɗaya, ko wani shinge ya toshe ƙofa mai lamba 179 wadda ta nan suke zantawa. A cikin gida kuma sau da yawa za ka tarar rauta biyu sun yi sallama amma sun kasa musayar taswira, don kawai ba su daidaita a kan girman ƙullin da kowacce za ta iya ɗauka ba. In zumunci ya ƙullu, sai ya bi shelar daki daki: ta iso, matata ta bar ta ta wuce, an zaɓe ta, an miƙa ta gaba? Sa'an nan ya bi sawun saƙo zango zango har inda ya tsaya, ya kuma tuna cewa hanyar tafiya dabam ta dawowa dabam, domin sau da yawa saƙo yakan isa lafiya, amsar ce take ɓata. Masu sana'ar sun fi tsoron hanyar da ke mutuwa tana farfaɗowa a kan wadda ta mutu ɗungum, gama kowane motsinta sai ya sa maƙwabta sake lissafi.

Kada a ɗauka cewa ƙa'idojin nan ɓarna kawai suke jawowa. Ranar Alhamis 14 ga Maris na 2024, cikin kwanakin farko na azumi, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a daura da gaɓar Kwaddibuwa. Wannan ba laifin kowane injiniya ba ne, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Bankuna sun tagayyara, jama'a sun sha wuya daga nan har Gana da Laberiya. Amma ba kowa ya sha wuya iri ɗaya ba. Wanda ya riga ya kama wuri a wata waya dabam, irin su Glo-1 ko Equiano wadda Google ya sauke a Ikko a 2022, ya kuma saita rautocinsa su juya can in ta ɓaci, ya farfaɗo da wuri. Wanda ya rataya komai a ƙusa ɗaya kuwa sai ya shiga neman hanya bayan gobara ta tashi. Tun ran gini ran zane.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya shafi Arewa kai tsaye. Kusan duk wayoyin teku a Ikko suke sauka, daga nan a ja su sama da kilomita 1,000 zuwa Kano, balle Maiduguri ko Sakkwato. Kafin a kafa mahaɗar intanet ta ƙasa, watau IXPN, a 2006, saƙon da aka aika daga wani kamfani a Ikko zuwa wani a Ikko yakan je Turai ko Amurka ya dawo. Mahaɗar ta magance wannan, ta kuma buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Amma gina kasuwa dabam, cin kasuwa dabam. In kamfanoni ba su haɗu a reshen Kano sun yi musaya a can ba, saƙon da ɗanka ya aika daga Fagge zuwa Sabon Gari ta wani layi dabam sai ya zo Kudu ya koma, kuma duk inda aka sare waya a tsakani ya shafe shi. Wannan ma shawara ce ta masu saita hanya da masu gidansu, ba ikon teku ba ne.

Na san za a ce ɗan Adam ajizi ne, ba wanda ya fi ƙarfin kuskure. Haka ne, kuma ba ina kira a kori yaron da hannunsa ya goce ba ne. Laifin yana kan kamfanin da ya bar gocewar hannu ɗaya ta isa ta tsai da kasuwa, domin matata da iyaka da gwaji duk don ajizancin nan aka yi su. Za a kuma ce bayyana dalilin katsewa tona asirin kamfani ne ga abokan gasa. Ai Facebook ya rubuta nasa bayani dalla dalla kowa ya karanta, MainOne ma ya faɗi nasa, ba kuwa wanda ya rushe sabo da haka. Wanda ya ɓoye ciwonsa shi ne ba ya samun magani.

Sabo da haka ga abin da nake ganin ya kamata. A 2025 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a in an sami babbar katsewa, da dalilinta, da lokacin da ake sa ran gyarawa, su kuma biya diyya in abin ya wuce awa 24. Madalla da wannan. Amma a ƙara da cewa bayan kowace babbar katsewa kamfani ya kawo cikakken rahoto a buga, kada a tsaya ga cewa "matsalar na'ura". A kuma mai da matata da takardar shaida sharaɗin riƙe lasisi ga duk mai sayar wa wasu hanya, maimakon a bar su ga ganin dama. Sanarwar kuma a yi ta da harsunan da masu biyan kuɗin suke ji, a rediyo da saƙon waya, domin mai sayar da albasa ba zai je neman ta da Turanci a intanet ɗin da ta riga ta ɗauke ba.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Badun da Anacha, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, sun saba kai kuka a kan haraji da shingayen hanya. To, wannan ma hanya ce, kuma asararta ba ta gaza ta shinge ba. A riƙa rubuta rana da sa'a da aka rasa sabis a kasuwa, a kai wa hukuma da sunan ƙungiya, domin kukan mutum ɗaya ba ya wuce bakin rumfarsa. Mai ciniki babba kuma ya riƙe layi biyu na kamfanoni dabam dabam, kada kuma ya saki kaya sai ya ga kuɗi sun zauna a asusunsa da idonsa.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye da samarinmu. Da can ayarin fatake ba ya tashi zuwa Gwanja sai da madugu da jagaba, mutanen da suka san kowane zango da kowane rafi, kuma kakanninmu ne suka riƙe wannan ilmi. Yau kayan sun koma cikin waya, amma har yanzu sai da masanin hanya. Sana'ar nan ana koyonta, akwai jarrabawar Cisco da ta Juniper da ake zaunawa a nan ƙasar, akwai kuma manhajojin da yaro zai gina rautocin gwaji a cikin kwamfuta ɗaya ya yi ta ɓatawa yana gyarawa. Yaron da ya iya kwance waya ya ɗaura a Computer Village ta Ikeja ko a Farm Centre ta Kano ba zai kasa wannan ba in ya sami mai ɗora shi. Muddin ba mu da namu a ɗakunan da ake yanke shawarar ta ina saƙo zai bi, to, sai dai kullum a gaya mana "babu sabis" mu ce to.

Allah ya sa masu abin su ji, mu kuma ya ba mu ikon tambaya. Sai mun sake saduwa.